RA'AYINMU: KARE WADDA AKA YI WA FYAƊE A GABAN ALƘALI WAJIBI NE NA SHARI'A

Yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya hore mu da tsayar da adalci, ya kuma yi mana kashedi da zalunci da taimakon azzalumai. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Manzon rahama, Annabi Muhammadu (S.A.W.), da alayensa da sahabbansa, da duk wanda ya bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, mutanen Kurmin Mashi, kai har da sauran unguwannin garin Kaduna, ba za su yi saurin mantawa da watan Yuni na shekarar 2020 ba. A watan ne aka tsinci gawar wata yarinya 'yar shekara 6 a cikin wani masallaci na unguwar, bayan an yi mata fyaɗe, wal'iyazu billahi. Jama'a suka yi ta Allah-wadai, jaridu da gidajen rediyo suka ɗauki labarin. A cikin wannan wata ne kuma Ƙungiyar Gwamnonin Nijeriya ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan fyaɗe, saboda yadda irin waɗannan labarai suka yi ta fitowa daga sassan ƙasar nan. A watan Satumba na shekarar, Majalisar Dokokin Jihar Kaduna ta yi wa kundin hukunta laifuka gyara, gwamnan jihar na lokacin, Malam Nasiru El-Rufa'i, ya sa hannu. Gyaran ya tanadi dandaƙa da kisa ga wanda ya yi wa ɗan ƙasa da shekara 14 fyaɗe, da dandaƙa da ɗaurin rai da rai ga wanda ya yi wa wanda ya haura waɗannan shekaru.

Ko dandaƙa ta dace da Shari'a ko ba ta dace ba, wannan mas'ala ce mai zaman kanta, ba ita ce a gabanmu a wannan wata ba. Abin da ke gabanmu shi ne abin da aka sha'afa da shi ana cikin hayaniya. Komai tsananin hukunci, ba ya hawa kan kowa sai laifi ya tabbata a gaban alƙali. Laifi kuwa ba ya tabbata sai da shaida, kuma shaidar farko a laifin fyaɗe ita ce wadda aka yi wa. Yarinyar Kurmin Mashi ba ta rayu ba balle a nemi ta yi bayani. To, waɗanda Allah ya yi da sauran kwanansu fa? Wane tanadi muka yi musu domin su iya buɗe baki su faɗi abin da ya same su, ba tare da an sake keta musu haddi a karo na biyu ba?

HANYAR DA TAKE BI KAFIN TA ISA GABAN ALƘALI

Mai karatu ya ƙaddara yarinya ce 'yar shekara 9, maƙwabci ya afka mata. Za ta fara faɗa wa uwarta, sannan ubanta, sannan a kai ta gaban mai unguwa ta maimaita. Daga nan sai caji ofis, inda za ta yi bayani a kanta, jama'a na shiga suna fita suna kasa kunne. Sai asibiti, sai sashen binciken manyan laifuka, sai lauyan gwamnati. Kafin alƙali ya ga fuskarta ta faɗi wannan mummunan labari sau bakwai, ga mutane bakwai, mafi yawansu maza ne da ba ta taɓa gani ba.

Daga nan za a gabatar da wanda ake tuhuma a kotun majistare, wadda ba ta da hurumin yanke hukunci a laifi mai girma irin wannan, sai dai ta tsare shi a jira shawarar Ma'aikatar Shari'a. Watanni su wuce kafin ƙara ta isa Babbar Kotun Jiha, can ma a shiga ɗage zama. Duk ranar zama uba ya rufe sana'arsa, ya nemo kuɗin mota, a je a dawo ba a yi komai ba. A tsawon wannan lokaci dangin wanda ake tuhuma suna nan a layi ɗaya da su, yau roƙo, gobe habaici, jibi barazana.

Ranar da aka kira ta kuwa, za ta tsaya a akwatin shaida cikin ɗaki cike da mutane, wanda ya cuce ta yana tsaye taku kaɗan daga inda take, yana kallonta. Ana magana da Turanci, tafinta na juyawa. Lauyan da ke kare shi zai titsiye ta ta ambaci sassan jikin da tun tana goye aka hore ta da kada ta kama sunansu. In ta ce ranar Talata ce alhali ɗan sanda ya rubuta Laraba shekara biyu da suka wuce, a ce ta yi ƙarya. In kunya da tsoro suka ɗaure mata harshe, a ce mai ƙara ya kasa kawo hujja, a sallami mutum ya koma unguwa. Duk uwar da ta ga haka da idonta, gobe in abin ya faɗo kan tata 'yar, sai ta ja bakinta ta yi shiru.

Kada a ɗauka abin kaɗan ne. Binciken da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta gudanar a 2014 tare da UNICEF ya nuna cewa ɗaya cikin 'yan mata 4, da ɗaya cikin yara maza 10, sun gamu da wani nau'i na cin zarafin lalata kafin su cika shekara 18. Saboda haka duk inda muka ce "ita" a wannan sharhi, a fahimci har da "shi": almajirin da ba shi da kowa a gari, da 'yar talla, da 'yar aiki, da kurma, da bebiya, da mai taɓin hankali, waɗanda mugu ke zaɓa da gangan don ya san ba za su iya kare maganarsu ba.

WADDA AKA TILASTA BA MAI LAIFI BA CE

Wasu 'yan'uwa da zarar sun ji ana zancen kare mata a kotu sai su ce manufar Turawa ce. Muna kiransu da su koma ga littattafanmu. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito daga Wa'ilu bin Hujrin (R.A.) cewa wata mata ta fito za ta masallaci a zamanin Manzon Allah (S.A.W.), wani mutum ya afka mata, ta yi kururuwa ya gudu. Mutane suka kamo wani, ta ce shi ne. Ana gab da zartar masa da hukunci sai ainihin mai laifin ya miƙe ya yi iƙirari. Manzon Allah (S.A.W.) ya sallami matar da bushara ta gafarar Allah, ya kuma yi wa wanda aka kama bisa kuskure magana mai daɗi. A lura da kyau: ba a tambaye ta abin da ya fito da ita ba, ba a binciki tarihinta ba, kuma duk da ta nuna wanda ba shi ba ne cikin ruɗewa, ba a yi mata haddin ƙazafi ba.

Haka Sayyidina Umar (R.A.) ya yi wa wani bawa bulala ya kore shi daga gari saboda ya tilasta wa wata kuyanga, ita kuwa bai taɓa ta ba, kamar yadda ya zo a Muwaɗɗa da Sahihul Buhari. Imamu Malik ya ruwaito cewa Halifa Abdulmalik bin Marwan ya hukunta wa wanda ya yi wa mace fin ƙarfi biyan sadakinta, kuma Malik ya tafi a kan cewa za a haɗa masa haddi da biyan sadakin irinta, ita kuwa babu uƙuba a kanta. Ibn Abdil Barr ya hakaito haɗuwar malamai a cikin Al-Istizkar a kan cewa mai tilastawa yana shan haddi in hujja ta tabbata ko ya yi iƙirari, in ba ta kai ga haka ba a yi masa uƙubar da ta dace, wadda aka tilasta kuwa ba ta da laifi. Aya ta 33 a Suratun Nur ita ce asalin wannan, inda Allah ya yi wa kuyangin da aka tilasta alkawarin gafara da rahama. Yarinyar da ba ta balaga ba kuwa, tun farko ma ba mukallafa ba ce, balle a yi zancen ta yarda ko ba ta yarda ba.

Inda mutane suka fi ruɗewa shi ne zancen shaidu huɗu. Aya ta 4 a Suratun Nur ta sanya su ne garkuwa ga mutuncin kamammun mata daga masu jifansu da zina, kuma su ne sharaɗin tsayar da haddin zina idan babu iƙirari. Wanda ya mayar da su takunkumi a bakin macen da aka afka wa, ya ce ko ta kawo maza huɗu adalai ko ta sha bulala, to ya juya garkuwar ta zama makami a kan wadda aka yi domin ta. Wane mai fyaɗe ne zai jira sai adalai huɗu sun hallara? Kuma waɗanne irin adalai ne za su tsaya kallo ba su cece ta ba?

Gaskiya ne malamanmu na Malikiyya sun yi tafsili a wannan babi, kuma alƙalanmu sun san fasalin da Ibn Asim ya ware masa a cikin Tuhfa. Imamu Malik yana ganin mace marar aure da ciki ya bayyana gare ta, ta ce tilasta ta aka yi, sai ta zo da alamar da ke gaskata ta, kamar a gan ta cikin jini, ko a ji ta yi ihun neman taimako. Abu Hanifa da Shafi'i da Ahmad, a mafi shaharar ruwaya, ba sa tsayar da haddi da ciki kaɗai. Amma ko a maganar Malik ɗin, abin da aka nema alama ce, wato ƙarina, ba shaidu huɗu ba. Jini da ihu su ne alamomin da mutanen wancan zamani suke iya gani. A yau rahoton likita da gwajin ƙwayar halitta sun fi su ƙarfi nesa ba kusa ba. Ai da yagewar riga ta baya aka gane gaskiyar Annabi Yusufu (A.S.), kuma a kan irin wannan ne Ibn Farhun a Tabsiratul Hukkam da Ibnul Ƙayyim a Aɗ-Ɗuruƙul Hukmiyya suka faɗaɗa bayani, cewa hujja ita ce duk abin da ya bayyana gaskiya.

Alƙali Abubakar Ibnul Arabi, Bamalike mutumin Andalus wanda ya rasu a shekara ta 543 bayan Hijira, ya ba da labari a cikin Ahkamul Ƙur'an, a ƙarƙashin aya ta 33 ta Suratul Ma'ida, cewa a zamanin alƙalancinsa wasu 'yan fashi sun tare ayari sun ɗauke wata mata. Da aka kamo su, wasu masu fatawa suka ce wannan ba hiraba ba ce tun da ba dukiya suka ɗauka ba. Ya yi musu raddi mai zafi, ya nuna musu cewa fashin mutunci ya fi fashin dukiya muni, domin mutum ya gwammace a kwashe duk abin da ya mallaka da a taɓa matarsa ko 'yarsa. Wanda ya fahimci wannan ya san cewa macen da ta zo ƙarar fyaɗe matsayinta matsayin wanda aka yi wa fashi ne.

Muna da darasi mai ɗaci a kusa da mu. A watan Satumba na 2000 wata kotun Shari'a a Tsafe ta Jihar Zamfara ta yanke wa wata yarinya matashiya da ciki ya bayyana gare ta bulala 100 ta zina da bulala 80 ta ƙazafi, bayan ta ambaci maza uku ta ce su suka tilasta ta. Mazan suka musa, suka tafi abinsu. Daga baya aka janye bulalar ƙazafin, amma aka yi mata 100 ɗin a watan Janairu na 2001. Maƙiya Shari'a sun yi shekaru suna yawo da wannan labari a duniya. Mu masu kira zuwa ga Shari'a mu ya fi kamata mu tsaya mu tambayi kanmu wane saƙo wannan hukunci ya aika wa sauran 'yan mata. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

SAUƘAƘA WA MAI RAUNI SUNNA CE

Shari'a ba ta tsaya ga wanke wadda aka tilasta daga laifi ba, har yadda za a karɓi maganar mai rauni ta koyar. A hadisin nan na ɗan ƙwadago da Buhari da Muslim suka ruwaito, Manzon Allah (S.A.W.) bai sa an jawo matar da ake zargi gaban jama'a ba, sai ya aiki Unaisu (R.A.) ya je ya ji ta bakinta a inda take. Daga nan malamai da dama suka ciro hukuncin cewa macen da ba ta saba fita cikin maza ba, ba a tilasta mata halartar majalisar alƙali, sai ya aika wakilinsa gare ta. In an yi wa wadda ake tuhuma wannan sassauci, ina ga wadda aka zalunta?

Buhari da Muslim sun kuma ruwaito daga Anas (R.A.) labarin yarinyar da wani mutum ya rotsa wa kai da dutse saboda kayan adonta. An same ta da sauran numfashi, ba ta iya magana. Aka riƙa ambata mata sunaye ɗaya bayan ɗaya, da aka zo kan nasa ta yi nuni da kai. Aka kamo shi, aka bincike shi har ya yi iƙirari, sannan aka yi masa ƙisasi. Ba a ce tun da ba ta iya furuci a bar maganar ba. An sauko zuwa ga abin da take iyawa, aka ɗauki nuninta ya zama mabuɗin bincike. Wannan hujja ce a kan duk wanda ya kori ƙarar bebiya ko mai raunin hankali da cewa ba a gane abin da take faɗa.

Mazhabar Malik kuma ta shahara da karɓar shaidar yara a kan junansu a raunuka, bisa abin da aka ruwaito daga Abdullahi bin Zubair (R.A.), da sharaɗin a ji ta bakinsu kafin su watse, kafin wani babba ya shiga tsakaninsu ya koya musu abin faɗa. Babin yana da iyakokinsa, amma hikimar sharaɗin a fili take: maganar yaro ta fi inganci a farkonta. Wannan ita ce hikimar ɗaukar bayanin yaro sau ɗaya, da wuri, a naɗe shi a faifan bidiyo, maimakon a yi ta jan sa daga ofis zuwa ofis har ya rikice. A saman duk wannan akwai aya ta 282 ta Suratul Baƙara, wadda ta hana a cutar da marubuci ko mai shaida. In an hana cutar da mai shaida a kan bashi, yaya yarinyar da ke shaida a kan abin da aka yi wa jikinta?

ABIN DA DOKAR ƘASA TA TANADA

Abin takaici shi ne da yawa daga cikin kariyar da muke magana a kai tana nan a rubuce, jahilcinmu da sakacin masu aiwatarwa suka binne ta. Sashe na 36(4) na Tsarin Mulkin 1999, wanda ya ce a yi shari'a a bainar jama'a, shi ne kuma ya ba kotu ikon fitar da 'yan kallo domin kare tarbiyya, ko jin daɗin wanda bai kai shekara 18 ba, ko sirrin rayuwar masu shari'a. Dokar Shaida ta 2011, a sashe na 234, ta hana a kawo hujja ko a yi wa mai ƙarar fyaɗe tambaya a kan mu'amalarta da wani namiji ban da wanda ake tuhuma, sai da izinin kotu. Tsohuwar dokar da ta gabace ta kuwa ta yarda a kafa hujja da cewa matar dama marar kamun kai ce, wato dai karin maganar nan ta in ɓera da sata daddawa ma da wari aka mayar doka. Sashe na 227 da na 228 sun ba alƙali ikon tsawatar wa lauya a kan tambayoyin batsa da na cin fuska. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015, a sashe na 232, ta yarda a wasu laifuka da ta lissafa a ɓoye sunan shaida da adireshinsa, a sa masa labule, ko a karɓi shaidarsa ta na'urar bidiyo daga wani ɗaki. Jihar Kaduna ta yi tata dokar gudanar da shari'ar laifuka a 2017, ta kuma yi dokar kare yara da dokar hana cin zarafin mutane a 2018.

Akwai kuma abin da ya wajaba kowane uba da kowace uwa su sani. A sashe na 209 na Dokar Shaida, yaron da bai kai shekara 14 ba yana ba da shaida ne ba tare da rantsuwa ba, kuma ba a ɗaure mutum da maganarsa kaɗai sai an sami wata hujja mai ƙarfafa ta. Gyaran 2020 na Jihar Kaduna ma ya sharɗanta rahoton likita a shari'ar fyaɗen ɗan ƙasa da shekara 14. Ma'anar wannan ita ce shari'a tana tashi ko tana faɗuwa ne tun a sa'o'in farko. Uwar da ta yi wa 'yarta wanka, ta gasa ta da ruwan zafi, ta wanke tufafinta, ta jira kwana biyar ana shawara a cikin gida, ta yi ne don tausayi, amma ta shafe hujjar da hannunta. Cibiyoyin Salama da aka kafa don irin wannan suna Asibitin Yusuf Ɗantsoho a Tudun Wada, da Asibitin Gwamna Awan a Kakuri, da Asibitin Gambo Sawaba a Zariya, da asibitin gwamnati na Kafanchan. Maganin rigakafin cutar ƙanjamau ma ba ya amfani sai an fara shi cikin sa'o'i 72.

Sauran ƙasashe ma sai da suka sha wuya suka gyara. A Landan a shekarar 1996, wani da ake tuhuma da fyaɗe ya kwashe kwana 6 yana yi wa matar da ya afka wa tambayoyi da bakinsa a gaban kotu. Bayan kukan da jama'a suka yi, dokar Ingila ta 1999 ta hana wanda ake tuhuma da irin wannan laifi yi wa mai ƙara tambaya da kansa, ta kuma tanadi labule, da bidiyo, da mai shiga tsakani da zai sauƙaƙa wa yaro tambaya, har da cire hular gashi da baƙar riga don kada su firgita shi. Abin kunya ne a ce mu da aka aiki Unaisu a cikin tarihinmu, sai mun jira wasu sun tuna mana.

HAƘƘIN WANDA AKE TUHUMA

Wani zai ce, to in mace ta yi wa bawan Allah sharri fa? Tambaya ce mai kyau, kuma ba mu raina ta ba. Annabi Yusufu (A.S.) ya yi shekaru a kurkuku saboda sharri, kuma hadisin Wa'ilu da muka ambata ya nuna cewa ko mai gaskiya tana iya nuna wanda ba shi ba. Shari'a ta wajabta i'izari, wato alƙali ya ba wanda ake ƙara damar sukar shaida da kawo hanzarinsa kafin hukunci, kuma babu wanda ya isa ya soke wannan. Amma labule ba ya hana tambaya, bidiyo ba ya hana lauya bin diddigin magana, fitar da 'yan kallo ba ya rage wa kowa hujja. Abin da suke kawarwa shi ne firgita, kuma babu wanda Shari'a ta ba haƙƙin ya tsira ta hanyar firgita shaida. Hasali ma bayanin da aka naɗa tun ranar farko kariya ne ga marar laifi, domin yana toshe ƙofar koya wa yaro magana daga baya. Wasiƙar Sayyidina Umar ga Abu Musal Ash'ari (R.A.) ta umarci alƙali ya daidaita mutane a majalisarsa yadda mai ƙarfi ba zai yi kwaɗayin a karkata gare shi ba, mai rauni kuma ba zai fid da rai daga adalci ba. Tsayar da 'yar shekara 9 gaba da gaba da ƙaton da ya danne ta, ba shi ne daidaitawar da ake nufi ba.

NAMU LAIFIN

Ba daidai ba ne mu ɗora komai a kan 'yan sanda da kotuna. Ƙararraki da yawa a zaurukanmu suke mutuwa. Dattawa su taru, wani lokaci har da limami, a ce a rufa asiri, a ce wa zai aure ta in magana ta fita, a karɓi kuɗin magani, a yi fatiha a tashi. Tun da hukunci ya zama kisa, roƙon ma ya ƙara nauyi, ana cewa uban yarinya ko so yake a kashe ɗan maƙwabcinsa. Muna tunatar da masu wannan aiki fushin da Manzon Allah (S.A.W.) ya yi wa Usama bin Zaid (R.A.), masoyinsa ɗan masoyinsa, ranar da ya nemi ceton matar Banu Mahzum. Suturar da Musulunci ya kwaɗaitar da ita ta wanda ya saɓa tsakaninsa da Ubangijinsa ce. Rufa wa mai farautar yara asiri kuwa miƙa masa yarinya ta gaba ne. Aya ta 148 ta Suratun Nisa'i ta ba wanda aka zalunta izinin bayyana abin da aka yi masa, aya ta 283 ta Suratul Baƙara kuma ta bayyana mai ɓoye shaida da cewa zuciyarsa mai zunubi ce. In mai laifin malamin Islamiyyarmu ne, ko ɗan majalisinmu, ko ɗan'uwanmu na jini, aya ta 135 ta Suratun Nisa'i ba ta bar mana mafaka ba.

A ɗaya gefen kuma akwai masu ɗaukar hoton yarinya da sunanta da layinsu su watsa a Facebook da WhatsApp da sunan nema mata haƙƙi. Wannan ma cuta ce, domin shari'a za ta ƙare, hoton ba zai goge ba. Wadda ta cancanci sutura ita muke tonawa, wanda ya cancanci tonawa shi muke suturtawa.

KIRANMU

Na farko, muna kira ga Babban Jojin Jihar Kaduna da Alƙalin Alƙalai su fitar da umarni a rubuce cewa duk shari'ar fyaɗe da ta shafi yaro ko mai rauni a yi ta a kulle, da labule ko bidiyo, ba sai an roƙa ba, a kuma sanya mata wa'adi.

Na biyu, Ma'aikatar Shari'a da rundunar 'yan sanda su tanadi ɗaki na musamman da mata ƙwararru masu jin Hausa, a ɗauki bayani sau ɗaya a naɗe shi, a samar da masu fassara maganar kurame, gwamnati kuma ta ɗauki kuɗin motar shaidu.

Na uku, alƙalan kotunan Shari'a kada su juya ƙarar fyaɗe ta koma tuhumar zina ko ƙazafi a kan mai ƙara, su yi aiki da ƙarina, su tuna cewa ana tunkuɗe haddi da shubuha.

Na huɗu, lauyoyi Musulmi su ji tsoron Allah a tambayoyinsu, kuma wasunsu su sadaukar da lokaci su tsaya wa talakawa fi sabilillahi.

Na biyar, kowane reshe namu ya ware mutane amintattu, maza da mata, waɗanda za su raka iyali asibiti a ranar farko, su zauna tare da su a kotu har ranar hukunci. Malamai mata su koyar da zancen sa'o'i 72 a azuzuwan matan aure. Limamai kuma su faɗa a kan mumbari cewa wadda aka yi wa fyaɗe mutuncinta na nan, aurenta halal ne, kuma gorin da ake yi mata zunubi ne.

'Yan'uwa Musulmi, yarinyar Kurmin Mashi ta riga mu zuwa kotun da ba a ɗage zama, ba a kuma firgita shaida. Waɗanda suka rage a hannunmu su ne za a tambaye mu a kansu. Allah ya jiƙanta, ya ba iyayenta haƙuri, ya tsare mana zuriyarmu, ya ba shugabanninmu da alƙalanmu ikon tsayawa tare da mai rauni har a karɓo masa haƙƙinsa. Amin.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.